Rigunan da Na Zaɓa wa Sainaba

Hafsa ce ke rubutawa, ni ke faɗa, domin har yau ko sunana ban iya sawa a takarda ba. Na ce mata inda kuka ya tsayar da ni ta jira, kada ta cike mini gurbin da tata maganar. Wannan babin na babanku ne, Allah ya jiƙansa, ko da yake rabinsa labarin wata Ba'indiya ce. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Ranar sadakar uku na ji Babangida a bakin ƙofa yana ce wa abokinsa, "Baba mutumin kirki ne, sai dai ya kashe wa Umma sana'arta." Dukkanku haka kuka ɗauka, kuma haka ya so ku ɗauka. Ba gaskiya ba ne. Ba na so in bi shi da wannan maganar a cikina.

Lokacin muna unguwar Sa'alaba a nan Jidda, a benen nan da ruwan tanki ke jiƙa mana bangon kicin. Malam, wato babanku, yana tuƙa motar kai kujeru da gadaje, ni kuma ina yawon gidaje da jakar kayan mata. Yaran yanzu ba za su gane ba. A shekarun nan maza ne ke zaune a shagunan kayan ciki na mata. Mace za ta tsaya gaban ƙato, fuska a rufe, ta nuna rigar nono da yatsa ba tare da ta dube ta da kyau ba, babu ɗakin gwaji, babu tambaya. Ta kai gida ta ga ba daidai ba, kunya ta hana ta mayarwa, ta yi ta fama da ita har ta tsufa. Shi ya sa irinmu muka sami shiga. Wadda ta koya mini ita ce Hajiya Dije, tsohuwa haifaffiyar Jidda, wadda kakanninta suka zo aikin hajji a ƙafa. Ita ma ba ta san lamba ba. Da igiya muke awo. A zagaya ta ƙarƙashin nono a matse, a yi ƙulli. A sake zagayawa ta inda ya fi cika, a yi ƙulli na biyu. Ƙullin farko shi ne faɗin maɗauri, tazarar da ke tsakanin biyun kuma, a ƙirga ta da yatsu, ita ke nuna zurfin kofi. Ran da ta miƙa mini igiyata ta farko, ta riƙe ni a wuyan hannu.

"Ya binti, saurara. Abin da hannunki ya taɓa a ƙarƙashin rigar mace, bakinki bai san shi ba. Ko ita kanta kada ki faɗa mata. Jikinta ne, ta fi ki saninsa. Kina faɗa, ta san kin gani, shi ke nan, ta rufe miki ƙofa, ta rufe wa duk mai zuwa bayanki."

Na riƙe wannan kamar alwala. Na ga tabon wuta, na ga shatin duka, na ga cikin da ba a so a sani tukuna. Ban taɓa ɗaga ido ba. Matan unguwa sun san haka, shi ya sa suke cire riga a gabana kamar a gaban uwarsu.

Sainaba, Ba'indiyar da na ce muku, na sadu da ita a unguwar Bani Malik. Mijinta Moidu tela ne, yana da shago a ƙasa, ita kuma a sama tana ɗinka wa matan ƙasarsu 'yar gajeriyar rigar nan da suke sawa a ƙarƙashin sari, dogon zanen da suke naɗawa. 'Yar ƙarama ce, baƙa kamar ni, da gashi har ƙugu kullum yana ƙamshin man kwakwa. Larabcinta a karye, nawa ma a karye, amma mun yi shekara goma sha ɗaya ba mu rasa abin faɗa ba. Tana ce mini Itta, wato Yaya a harshensu. Ranar farko ta zazzage jakata a kan tabarma, ta ɗaga wata mai soso da ƙarfe ta kalle ta ta kowane gefe.

"Itta, wannan riga ce ko kwanon miya? Wa zai sa wannan a zafin Jidda, ya yi rai?"

"Masu sawa suna nan, har layi suke."

"Larabawa ne. Mu jikinmu daban. Zauna, in nuna miki."

Ta nuna mini kuwa. Duk Juma'a bayan la'asar mata ke cika mata ɗaki, ma'aikatan jinya da matan masu kanti, ana shan shayi mai citta ana cin soyayyar ayaba. A nan na koyi jikinsu. Ba duka ba, domin na auna Ba'indiyar da ta fi ni faɗi, amma da yawansu haƙarƙari a matse yake, sama kuma a cike, kafaɗa a ɗan zube, tsakanin kafaɗa da nono gajere. Kuskurensu iri ɗaya ne. Kofi ya yi musu kaɗan, sai su sayi mai babban maɗauri, suna zaton shi ne magani. Maɗaurin ya saki, ya haye tsakiyar baya, nauyin duka ya koma kan igiyar kafaɗa, ta yi ta cin nama har ta bar kwari. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi shekaru tana shan maganin ciwon wuya, ashe rigarta ce. Sai in rage musu maɗauri, in ƙara zurfin kofi. Maɗauri ya kwanta a miƙe, yatsa biyu kawai su shiga. Tsakiyar rigar ta zauna a kan ƙashin ƙirji, kada ta yi lilo. Sabuwa a maƙala ta a ƙugiyar ƙarshe, don in ta saki da wanki a sami inda za a matse. In ce mace ta sunkuya ta gyara zamansa, ta miƙe, ta ɗaga hannu sama. In rigar ta biyo hannun, ba tata ba ce. Rigar sari kuma wuyanta a buɗe yake, bayanta a ƙasa, sai mu nemi mai siririn maɗauri, Sainaba ta ɗinka ɗan madauki a cikin kafaɗa ya riƙe igiyar kada ta leƙo. Auduga muke ba su saboda gumi, don ƙurajen da ke fitowa a ƙasan nono ba su da daɗi. Mace ta shigo a duƙe, ta fita tana duba madubi sau biyu. Wallahi na so aikin nan. Har yanzu in na ga mace a hanya, ko ta cikin abaya, na san in rigarta na cutar ta.

Duk shekarun nan Sainaba ba ta taɓa bari na auna ta ba. In na yi magana sai ta ce ita tela ce, ba a koya mata jikinta. Tana da 'ya ɗaya tak, Shamla, wadda ta bari can ƙasarsu wurin kakarta tana shekara shida, sai bayan shekara biyu ko uku take zuwa ta gan ta. Hoton yarinyar yana manne a jikin keken ɗinki, ana canza shi duk lokacin da sabo ya zo. A shekarar da nake ba ku labari aka sa ranar auren Shamla. Kafili, Balaraben da ke riƙe da takardun zamansu, ya ba da izinin tafiya, tikiti ya fito, saura kwana tara. Na je da azahar na tarar da sari ja mai zaren zinariya a shimfiɗe a gado.

"Yalla, Itta, yau ranarki ce. Fito da igiyar nan taki ta bokaye. Uwar amarya ba za ta tsaya gaban dangin miji kamar buhun shinkafa ba."

Muna dariya ta cire riga. Na zagaya igiya, na yi ƙullin farko. Da na zo na biyu, bayan hannuna ya gogi gefen nononta na hagu, wajen hammata. Na ji abu. Dunƙule ne, mai tauri kamar ƙwallon dabino, ba ya motsi. Na yi kamar igiya ce ta zame, na sake bi ta wurin. Yana nan. Fatar samansa ta ɗan lotsa, ta yi ramuka ƙanana kamar bawon lemo. Ni ban yi karatu ba, amma na yi wa ƙanwar mahaifiyata jinya a gida kafin a kawo ni ƙasar nan, na san abin da na taɓa. Ita kuwa tana ta zuba, wai angon yana da gashin baki kamar tsintsiya. Na gama awo, na naɗe igiyata, na sha shayi, na ce mata kayan da suka dace da ita ba sa cikin jaka, sai na nemo.

Na dawo na tarar da Malam ya shigo cin abinci. Ban taɓa kawo masa maganar jikin wata mace ba, sai ran nan. Ya tsame hannu daga kwano.

"Kin faɗa mata?"

"Ba a faɗa."

"Wa ya ce?"

"Haka sana'ar take, Malam. Kuma saura kwana tara bikin 'yarta. In na faɗa, asibiti za su riƙe ta, tikiti ya wuce, a ɗaura aure babu ita. Shekara nawa tana jiran ranar nan? In je mata da bakin ciwo ana shirin biki? Wata uku ne. Tana dawowa zan kai ta da kaina."

"Rabi, tashi ki sa abaya. Mota na waje. In kai ki yanzu, in jira ki a ƙasa."

"Ba za ni ba."

Ku kun san babanku, ba ya ɗaga murya.

"Hajiya Dije ta koya miki rufa asiri," ya ce. "Ba ta ce ki ga rami a gaban mutum ki yi shiru ba."

Kowace safiya kafin ya fita sai ya tambaye ni, "Yau za ki?" In ce gobe. A kwana na biyar ya gaji, ya tafi shagon Moidu da kansa. Ya zauna, an kawo masa shayi, ya buɗe baki, sai ya ji yana maganar tayar motarsa. Ta yaya namiji zai dubi namiji ya yi masa zancen nonon matarsa? Ya dawo ya zauna a bakin gado, ya ce, "Na kasa. Ke kaɗai ce za ki iya."

Ni kuwa abin da na iya shi na yi. Na shiga kasuwar Balad, na bi shagunan da muke saro kaya ɗaya bayan ɗaya, har na sami irin da nake so. Auduga zalla, babu ƙarfe, babu ɗinki a cikin kofi, gefenta mai faɗi da laushi yadda ba za ta danna wurin ba. Na ƙara zurfin kofi fiye da awonta, na ɗan cusa auduga a ɓangaren dama don su daidaita a ido. Guda huɗu na ɗauka. A duk rayuwata ban taɓa zaɓen da ya kai wannan kyau ba, kuma shi ne abin da nake neman gafarar Allah a kansa.

Na kai mata ana jibi tafiya. Ta sa, ta ɗora rigar sari, ta ɗaga hannu sama, ta sauke. Sai ta yi ajiyar zuciya.

"Allah! Itta, wata nawa ke nan duk wadda na sa sai ta yi ta sukata a nan. Wannan kamar ban sa komai ba."

Ta juya gaban madubi tana dariya. Ta cikin madubin ta hango fuskata. Dariyarta ta tsaya.

"Mene ne? Kin ga wani abu?"

Hafsa, rubuta wannan yadda yake. Ta tambaye ni. Ba Hajiya Dije a ɗakin, ba kowa, ita ce da bakinta ta buɗe mini ƙofa. Na dubi jan sarin, na dubi hoton yarinyar a jikin keke.

"Na ga kin yi kyau," na ce.

Ta kai mini duka a kafaɗa, ta ce tsohuwar banza, na tsorata ta. Ta cika mini leda da barkono da man kwakwa. Ta rako ni har matakala tana cewa in ta dawo za ta kawo mini sari, sai na sa ko da ɗaure ni za a yi. Ban sake ganinta ba.

Ta kira ni sau ɗaya bayan biki. Ina jin ruwan sama yana dukan kwano a bayanta, da hayaniyar mata. Ta ce kowa ya yaba, ta ce za ta ƙara wata biyu, Shamla ba ta so ta tafi. Katin waya na ƙarewa, muna ta ihu don mu ji juna. Na ce a raina ba a faɗar irin wannan a waya. Wata biyu suka zama biyar. Sai muka ji Moidu ya rufe shago ya bi ta. Da ya dawo, shi kaɗai ya dawo, ya zo miƙa wa kafili mabuɗi. Ya zo har gida, ya tsaya a ƙofa da Malam, ni ina bayan labule. Ya ce ba ta je wurin likita ba sai da wurin ya fashe, domin da farko ciwon ya lafa, ta ɗauka ya wuce. Likita ya tambaye su me ya sa suka daɗe. Sannan ya ɗaga murya don in ji.

"Ta ce a gaida Itta. Ta ce rigunan nan su kaɗai take iya sawa har ƙarshe. Ta ce Allah ya saka."

Ban san ko da na faɗa za ta rayu ba. Na tambayi Malam sau ba adadi, ya ce wannan ilmin Allah ne. Abin da na sani shi ne ciwon yana yi mata magana, ni na je na rufe masa baki da auduga.

Daga ranar ban sake ɗaukar jaka ba. In na kai hannu ga igiya sai in janye shi. Mata suka yi ta aike, wasu suka zo har gida. Ku ma kuka dame ni da tambaya, ke Hafsa har da kuka, don kin saba bina kina riƙe mini madubi. Wata rana matan unguwar Madain Fahd su uku suka zo, suka zauna suka ce ba za su tashi ba sai na faɗi laifin da suka yi mini. Sai Malam ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Ku yi haƙuri, bayin Allah. Ni na hana ta. Na gaji da yawon gidajen mutane."

Ban san zai faɗa ba. Kafin magariba unguwa ta ɗauka. Aka ce kishi ne, aka ce ya ga tana samu ya ji haushi. Hajiya Dije ta aiko masa da maganar da ba zan maimaita ba. Ke Hafsa kin yi mako ba ki gaishe shi da fuska a sake ba. Babangida, kai kuma tun daga lokacin ka rage zama da shi, ina gani. Duk Sallah in an taru sai wani ya jefo, "Da Baba bai hana Umma ba," shi kuma ya yi murmushi ya ce a miƙo masa ruwa. Shekara goma sha huɗu yana haka. Sau ɗaya na ce masa ya bari in faɗa muku.

"In kin ce ba ni ba ne, za su tambaye ki dalili," ya ce. "Kina da ƙarfin amsawa?"

"Ba ni da shi."

"To, ci abincinki."

Bai taɓa ce mini ai ya faɗa mini ba. Ko sau ɗaya. Wani lokaci in na yi shiru da yawa, sai ya dawo daga aiki da soyayyar ayaba daga shagon Indiyawa, ya ajiye a gabana ya wuce alwala. Shi kaɗai ya san wa nake tunawa. Yanzu da babu shi, babu wanda ya san Sainaba a duk gidan nan sai ni. Ina kewarsu su biyu a haɗe, har ban san wanda nake yi wa kuka ba. Wani lokaci in ji ƙarar keken ɗinki daga wani bene, in tsaya a titi kamar an kira ni. Wani lokaci in ji motar kaya ta tsaya a ƙofa da azahar, in fara tashi ɗora abinci.

Yanzu mata ne a shagunan, da tef a wuya, da ɗakin gwaji. Na ji daɗin haka. Ku 'yan matana, da matan 'ya'yana, ku sa wadda ta yi muku daidai, amma in wuri ɗaya yana ciwo kada ku canza riga, ku je a duba. In kuma kun ga abu a jikin 'yar'uwarku, ku faɗa, ko za ta daina gaishe ku. Da Sainaba ta rufe mini ƙofa tana raye, da na fi kowa murna.

Saura kai, Babangida. A ƙasar nan mu mata ba ma shiga maƙabarta, kaburburan kuma babu suna, amma kai ka sa shi a ciki, ka san layin. Ba na ce ka je ka yi ta kuka ba, bai son haka. Ran Juma'a in an sauko, ka bi ta can. Ka yi masa sallama, ka yi masa addu'a, ka nemi gafararsa a kan abin da ka riƙe shi da shi. Sannan ka ce masa Rabi ta faɗa. Zai gane.